Turamen Hawan Malam Aƙilu

Duk wanda ya zauna a Unguwar Juma cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin ya san Malam Aƙilu, ko bai san shi da suna ba ya san baƙin kekensa. Aikinsa ɗaurin littattafai a laburaren da ke Kongo. Littafin da ɗalibai suka yi wa kaca-kaca, bango ya rabu da ciki, shi ake kai wa, ya zauna da allura da zare da gam ya mai da shi kamar jiya aka sayo. Mutum ne siriri mai sanyin magana, wanda in zai tsallaka kwata sai ya tsaya ya auna faɗinta da ido. Yana kuma da wata ɗabi'a da unguwa ta daɗe tana tsokanarsa da ita, wato komai da dama yake farawa. To, sa takalmi da shiga masallaci da dama, wannan kowa ya sani. Amma shi Malam ya faɗaɗa abin har kan fedar keke da matakalar ofis da ƙofar motar haya. In ya yi mantuwa ya taka da hagu sai ya koma baya ya sake, ko da mutum goma ne ke jiransa a lungu.

Abu ɗaya ne bai taɓa farawa ba, da dama ko da hagu, shi ne hawan doki. Abin kunyar kuwa gidansu gidan doki ne. Tun zamanin kakansu turken da ke bayan zaure bai taɓa kwana babu dabba ba. Ba sarauta gare su ba, malamai ne kuma manoma, amma suna da al'ada guda da suke ji da ita. Ranar da gero ya nuna a gonarsu ta bayan Ƙofar Gayan, maigida ne zai hau ya je ya ɗauro damin farko a bayan sirdi, ya kawo wa tsohuwar gida, ita za ta fara taɓawa kafin kowa ya kai geron bana baki. Shekara ashirin wansa Jumare ne ke yin wannan hawa. Shi kuwa Aƙilu, tun yana ɗan shekara tara, ranar da ƙafarsa ta maƙale a likkafa doki ya ja shi a ƙasa daga gindin rimi har bakin kududdufi, ya yi sallama da duk abin da ke haniniya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. In zai wuce ta wajen turke, jikin bango yake bi.

Farkon daminar 1988 Jumare ya kwanta zazzaɓi kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar iyali, ya bar mahaifiyarsu Hajiya Umma wadda dama idonta ya yi rauni, ya kuma bar dokinsa Hurde, ingarma mai ɗigo-ɗigo da faɗin ƙirji. Tun ranar jana'iza Hajiya Umma ta shige ɗaki ta daina fitowa ko tsakar gida. Abinci sai an yi da gaske take ci. Tambaya ɗaya take yi kowace safiya, ko an ba Hurde kanwa.

Bayan sadakar arba'in Baffa Jalo, ƙanen mahaifinsu, ya tara maza a zaure. Ba mugun mutum ba ne, gaskiya ce da shi mai ɗaci. Ya ce doki ba tasa ba ne da za a jera a ɗaki ana kallo, in ba a hawansa ƙafa za ta kumbura, hali ya ɓaci, wata rana ya harbi wani. Akwai wani amininsa a Soba mai son dabba, gara a ba shi, a tuge turken a huta. Kowa ya san haka ne. Aƙilu ma ya sani. Amma ya tuna tambayar nan ta kowace safiya, ya ga ranar da za a ce wa tsohuwa babu wanda za a ba kanwa, sai ya ji bakinsa ya buɗe ba da shawararsa ba.

"Baffa, ni zan hau."

Baffa Jalo ya dube shi tun daga hula har silifa. "Kai, Aƙilu?" Da ya ga bai janye ba, sai ya gindaya sharaɗi. Ranar yankan gero ya je gona ya dawo da dami, a kan doki, ba wanda ya riƙe masa linzami. In ya yi, Hurde ya zauna. In bai yi ba, washegari mutumin Soba zai zo. Kafin Magariba labari ya kewaye unguwa, masu zaman bakin tela suna cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Wanda ya ɗauki nauyin koya masa shi ne Baba Bahago na Tukur-Tukur, tsohon ɗan sandan doki da ya yi ritaya, aminin marigayi, wanda tun rasuwar shi ke zuwa yana fita da Hurde kilisa. Da hagu yake komai, har miƙa goro sai ya tuna ya sauya hannu. Unguwa ta ce lalle Allah mai hikima ne, da ya haɗa sarkin dama da malami bahago. Makon farko ko sirdi Baba bai bari an ɗauko ba. In Malam ya taso daga Kongo, ya yi La'asar, sai ya tuɓe rigar ofis ya share barga, ya goge wa Hurde jiki, ya ba shi dusa a tafin hannu. Ranar da leɓen dokin ya fara taɓa tafinsa, sai da ya karanta duk addu'ar da ya haddace. Baba ya ce masa doki ta cinya yake jin faɗuwar gaban mahayi, saboda haka gara su saba da juna tun a ƙasa. Kwana bakwai, sai ga Malam yana ɗaga kofaton Hurde yana cire tsakuwa da tsinke, da irin natsuwar da yake cire ƙusa daga bangon littafi.

Hawan farko a filin da ke gindin ganuwa aka yi. An ce kada kowa ya zo, saboda haka kowa ya zo. Teloli suka rufe kekunansu, Adama mai ƙosai ta matso da kaskonta bakin fili don kada a ba ta labari. Baba Bahago ya ɗaura sirdinsa na aiki, shimfiɗaɗɗe marar kwacciya, wato babu tudu gaba ko baya, ya tsai da Malam a hagun doki, ya juya ya kori wata akuya da ta shigo tsakanin ƙafafu. Kafin ya waiwayo Malam ya yi bisimilla, ya zura ƙafar dama a likkafa kamar yadda ya saba da komai, ya yunƙura da ƙarfin matsoraci, wanda ya fi na jarumi. Ya hau kuwa, daram. Ya miƙa hannu yana laluben linzami, sai ya ga wutsiya a gabansa. Hurde ya juyo da kai ya dubi bayan mahayinsa, ya ci gaba da tsayuwa abinsa. Adama ta yi dariya har ƙosanta ya ƙone, wani tela kuwa sai da aka ba shi ruwa.

Baba Bahago bai yi dariya ba sai da ya sauko da shi. Ya ce tun da aka halicci likkafa da hagu ake hawa. Malam ya ce shi bai taɓa fara abin alheri da hagu ba, ba kuma zai fara yana ɗan arba'in da uku ba. Aka gwada ta gefen dama, Hurde da bai saba ba ya yi ta kewayawa yana kai cizo. Aka tashi baram-baram. Kwana uku Malam bai je fili ba, in ya dawo aiki ta ƙofar baya yake shiga gida. An ce tsoro na daji kunya na gida, shi kuwa duka biyun sun haɗe masa a cikin birni.

Matarsa Rahmatu ce ta warware abin, ita da ba ta taɓa taɓa doki ba. Rana ta huɗu ta mirgino wani tsohon turmi da ya tsage, ta kife shi a ƙofar zaure, ta ce ya taka wannan da dama tukuna, sannan hagu ta shiga likkafa. Ai hawa daga turmi ya fara, ke nan da dama ya fara. Malam ya yi ta juya maganar ta kowace fuska kamar mai duba littafi, bai sami inda ta yage ba. Baba Bahago da aka gaya masa ya ce shi shekara talatin yana hawa bai taɓa jin fatawa mai daɗin wannan ba. Da yamma aka mirgina turmi fili, Malam ya taka, ya zura, ya tsallaka, sai ga kunnuwan Hurde a gabansa. Filin ya ɗauki tafi, Adama ta rangaɗa guɗa. Malam ya zauna a can sama yana murmushi. Daga nan ya hango rufin gidansu da kan dabinon masallaci, abin da bai taɓa gani daga kan keke ba.

Daga ranar abin ya tashi daga na gidan su Aƙilu ya zama na unguwa. Matan da ke da tsagaggen turmi suka yi ta aikowa da shi, har aka kife ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a fili, ɗaya a bakin masallaci, ɗaya a can Ƙofar Gayan a gindin wata tsamiya. Duk gidan da aka yi surfe sai an ware dusar Hurde. Telan nan da aka ba ruwa ya ɗinka masa wando mai faɗin hantsa kyauta, bayan na ofis ya yage a wurin da ba a faɗa. Tsokana ba ta ragu ba, ɗanɗanonta ne ya sauya. In ya wuce sai a ce, "Malam, yau ina aka fuskanta, gabas ko wutsiya?" shi kuma ya ɗaga hannu ɗaya, ɗayan na damƙe da linzami.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Da farko Baba na riƙe da doguwar igiya, Hurde na kewaya shi, Malam na bisa a sandare kamar ya haɗiye taɓarya. Baba ya yi ta faɗa: ya saki kafaɗa, ya sauke dunduniya, ya daina kallon ƙasa don ƙasa ba ta zuwa ko'ina. Sau biyu ya faɗi, duka a cikin taɓon damina, duka biyun kuma Baba bai bar shi ya je wanka ba sai da ya sake hawa. Sassarfa ta kusa raba shi da haƙoransa, mako biyu a tsaye yake ɗaurin littafi a Kongo, abokan aiki na tambaya ko kujerar ce ta lalace. Sannan wata yamma, ba tare da ya san yadda aka yi ba, jikinsa ya kama kiɗan tafiyar, ya daina faɗa da sirdi. Baba ya kwance igiya a ɓoye. Sai da Malam ya kewaya fili sau uku kafin ya lura babu mai riƙe da shi, ya waiwaya ya ga tsohon can nesa yana cin goro.

Sukuwar farko kuwa, ai ita ce ta canza shi. Tsawon filin kawai aka yi, ba ta kai minti ɗaya ba, amma ya sauko ido na hawaye don iska, yana dariya irin wadda Rahmatu ta ce ba ta taɓa ji ba tun aurensu. Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa da warin doki a jikinsa ya ba ta labari tiryan-tiryan. Ta saurara, ta sa masa albarka, amma ba ta fito ba.

Gero ya nuna farkon Satumba. Aka sa ranar Asabar da hantsi. Baffa Jalo ya zo da wuri ya zauna a zaure da carbinsa. Malam ya taka turmin ƙofar gida, ya hau, ya kama hanya. Lungunan nan da mutum biyu ba sa gittawa sai an karkata, yau an share su, an ɗaure awaki, an janye tabarmin shanya. Mata na leƙe ta kan katanga suna yi masa fatan sauka lafiya. Baba Bahago ya bi shi a ƙasa har Ƙofar Gayan, nan ya tsaya a gindin tsamiya don cika sharaɗi, ya ce, "Malam, faɗuwar gaba asarar namiji. Je ka dawo."

Bayan ganuwa duniya ta buɗe kore shar, dawa ta fi mutum tsawo, gero ya sunkuyar da kai. Hurde ya san hanya fiye da mahayinsa, har ƙaramin rafin da ke tsakani ya ratsa ba gardama. A gona Ɗanjuma, wanda ke noma musu ita tun zamanin mahaifinsu, ya riga ya yanke zangarniya masu kyau. Malam ya sauko yana jin kansa kamar wani barde, suka ɗaure ɗan dami tare, suka ɗora a bayan sirdi suka tamke, Hurde na ta miƙo wuya yana son ya ɗanɗana. Malam ya kama linzami ya waiwaya neman abin takawa.

Babu turmi. Unguwa guda ta yi tunanin ƙofar gida da fili da masallaci da ƙofar gari, ba wanda ya tuna gona. Ya duba ko'ina, babu kututture, babu suri, babu dutse, sai kunya-kunyar gero mai laushi da ke nutsewa in an taka. Ɗanjuma ya durƙusa ya ce ya taka bayansa. Malam ya ce Allah ya kiyaye ya taka dattijon da ya goya shi. Sai wata dabara ta zo masa, irin wadda Shaiɗan ke kawowa da sallama. Me zai hana ya ja dokin a ƙasa har kusa da tsamiya, ya ce wa Baba ya kau da kai, ya taka turmin can ya hau? Wa zai sani? Har ya yi taku goma yana jan Hurde, sannan ya tsaya.

Shi fa mai ɗaurin littattafai ne, kuma ɗan gidan malamai. Ya sani sarai babu littafin da ya hana hawan doki da hagu, ya sani tun ranar da ya yi gardama da Baba a fili. Ƙafar da ta maƙale yana ɗan shekara tara, ta hagu ce. A kan turmi ɗan dogara da ita kawai yake yi ya tsallaka, amma daga ƙasa dole ya zura ta sosai ya rataya duk nauyinsa a kanta. Tsoro ne kawai ya naɗa rawani ya zauna masa a zuciya wata biyu, shi kuma yana ta gaishe shi kamar wani malami. Da ya faɗa wa kansa haka a fili sai ya ji kunya, bayan kunyar kuma ya ji haushi, haushin ne ya taimake shi.

Ya dafa wuyan dokin ya ce, "Hurde, don Allah ka tsaya mini. Inna na jira." Ya yi bisimilla, ya ɗaga ƙafar hagu da hannunsa ya zura ta a likkafa. Ya yunƙura. Yana tsakiyar hanya, ba ya sama ba ya ƙasa, Hurde ya ɗaga ƙafa ya fara tafiya. Gindin rimi da kududdufi da ɗanɗanon ƙasa a baki duk suka dawo masa lokaci guda. Bai saki ba. Ya damƙi geza, ya ja jikinsa, ƙafar dama ta tsallake dami da ƙyar ta faɗa wancan gefen. Ɗanjuma ya jefa lauje sama yana kabbara.

Abin da ya biyo baya, Baba Bahago ya ba da labarinsa har ƙarshen rayuwarsa. Yana zaune a kan turmin gindin tsamiya sai ya ji ƙasa na amsawa, ya ɗaga kai ya hango Hurde a sukwane, taɓo na tashi, zangarniya na kaɗawa, Malam Aƙilu mai auna kwata a bisa, iska ta fizge masa hula. Ya wuce shi fuu, yana ɗaga masa murya cewa daga ƙasa ya hau, da hagu. Tsohon ya tsinci hular ya biyo baya da gudu yana share ido da ita. A cikin gari Malam ya ja linzami ya koma taƙama, amma Hurde ya riga ya sha daɗin gudu, sai rawa yake yana neman ƙari, Malam na lallashinsa lungu-lungu, yana ce masa ya yi haƙuri, akwai mutane, gobe ma rana ce. Guɗa ta riga su isa gida.

A ƙofar zaure ya tsaya. Yana shirin sauka ya kai dami ciki sai ya ga mutane na darewa. Hajiya Umma ce, Rahmatu na riƙe da hannunta, tana taka ƙasar waje karo na farko cikin wata huɗu. Ta laluba ta dafa hancin Hurde, ta bi wuyansa da tafi har ta kai gwiwar ɗanta, ta wuce ta kama zangarniya ta murza, ta kai ƙwayar baki.

"Ina ɗaki na ji takun," in ji ta, "na ce Jumare ne ya dawo." Ta mai da hannunta kan gwiwarsa. "Sai na ji ana ba doki haƙuri. Na ce a'a, wannan Aƙiluna ne, bari in fita in tarye shi."

Malam ya sunkuya a kan sirdi ya rufe fuska da hannun riga, ya yi kukan da bai samu ya yi ba ranar jana'iza. Baffa Jalo ya miƙe, ya sa carbi a aljihu, ya karɓi linzami da hannunsa ya riƙe wa ɗan wansa har ya sauka. Sannan ya ja Hurde zuwa turke, yana tambayar inda ake ajiye kanwa.